Sule Bakwai Kuɗin Motar Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sabi'u mai walda, daga unguwar Mahadiya a garin Sabha, nan ƙasar Larabawa a ƙetaren hamada.

Mahaifina ya haura shekara tamanin, kuma tun bara tunaninsa ya fara gushewa. Ya manta dinari, ya manta naira, wani lokaci har sunana yakan manta. Lissafin fam da sule da kwabo kaɗai ya rage masa. Kullum da safe sai ya rataya jakarsa ya ce mini, "Motar Gumel sule uku da sisi ce. Ni da innarka, sule bakwai ke nan. Ba ni mu tafi gida."

Lissafinsa daidai ne, don sisi biyu sule guda ne. Amma Inna shekara shida ke nan da muka binne ta a nan. Takardunmu sun mutu, abin da nake samu kuma ba zai kai mu ko Agadas ba. Jiya a bakin titin Gurda aka tsinto shi yana tsayar da motoci.

Jama'a ku ba ni shawara, dabara ta ƙare mini. Gobe da safe zai sake miƙo hannu, me zan ce masa?