Maganin Farfaɗiyata Ya Ƙare a Ingila

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Rifkatu. Da yawanku kun san ni tun ina zumuntar 'yan mata a wannan ikilisiya ta Kaura Namoda, amma abin da zan faɗa yau ba ku taɓa jin sa ba. Ko yanzu bakina nauyi yake min.

Ina da farfaɗiya. Tun ina ƙarama a ƙauyenmu Banga take kayar da ni, kuma daga Inna sai Baba suka sani. Kun san halin mutanenmu da wannan ciwo. In mutum ya faɗi sai a watse, wai kumfar bakinsa na yaɗa cutar. Shi ya sa Inna ta ja min kunne. Ranar kasuwa takan shiga kemis ta sayo ƙwayoyin, ba mai tambayarta takarda, ta ƙulle a bakin zane. In wani ya gani, maganin ciwon kai ne.

Shekarar da aka fara Shari'a hankalin iyayenmu bai kwanta ba. A lokacin ne Goggo Hanatu, ƙanwar Baba, ta haihu a Ingila inda mijinta ke karatu, ta aiko a tura ni in taya ta reno. Baba ya ga Allah ne ya buɗe hanya. Ba a gaya wa Goggo komai ba. Inna ta cika min gwangwanin madara da magani, muka ɗauka zai kai ni har in dawo.

Zama ya yi tsawo, gwangwani ya fara nuna gindi.

Na ɗauki fankon takardar maganin na tafi kantin magani, kamar yadda muke yi a gida. Baturiyar da ke kantin ta juya shi, ta dube ni, ta yi magana a hankali don in gane: ba a ba da wannan sai da takardar likita. Ta tambaye ni ciwon me nake. Ga layi a bayana. Na sunkuyar da kai na fita. Na gwada wani kantin, amsar ɗaya ce.

Ganin likita kuwa sai Goggo ta kai ni an rubuta sunana, ita ce kuma za ta yi tafinta, don Turancina na firamare ne. Ke nan da bakina zan gaya mata. Na ce a raina gara in mutu. Sai na koma raba ƙwaya biyu, daga baya na riƙa tsallake rana.

Wata safiya Goggo ta tafi aiki, ina wa jaririn wanka, Iliya sunansa. Sai na ji warin nan da nakan ji kafin in faɗi, kamar gashi na ƙonewa. Allah ne kaɗai ya ba ni ikon ciro yaron daga ruwa na kwantar da shi a kan tawul a ƙasa. Daga nan ban san komai ba.

Na farka harshena na jini, zanena jiƙe da fitsari, Iliya na tsala kuka tsirara cikin sanyi. Na kalli bahon cike da ruwa.

A nan na durƙusa, ko zane ban canza ba. Ban roƙi warkarwa ba. Na ce, “Ya Yesu, kunya ta kusa sa ni kashe ɗan mutane. Na kasa buɗe baki. Ka buɗe min shi.”

Da Goggo ta dawo na tare ta tun ba ta cire takalmi ba. Na faɗa mata duka, idona a ƙasa. Ta ɗauki ɗanta ta duba shi ciki da baya.

“Da kin faɗi da shi a hannu fa, Rifkatu?”

“Ki yafe min, Goggo. Tsoro nake ji ki mai da ni gida.”

“Mi kuka ɗauke ni, ke da uwarki? Baƙuwa?”

Ta yi faɗa, faɗa mai zafi, kuma da gaskiyarta. Da ta gama ta zuba min shayi. Na kurɓa na ajiye, sai ta ɗauki kofin nan ta sha a inda na sa baki. A Banga ba mai yin haka da mai farfaɗiya. Na fashe da kuka.

Ita ta kai ni wurin likita. Ya yi ta tambaya, har ko ina yin fitsari in na faɗi. Ina faɗa da Hausa, Goggo na juyawa, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ko a jikinsa. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa, kuma rage magani da na yi shi ne babban haɗari. Aka yi gwaje-gwaje, aka canza min magani, ya rubuta takarda. Kantin da na gudu daga cikinsa, can na koma na karɓa.

Goggo ba ta ƙara barina in yi wa Iliya wanka ni kaɗai ba. Ya yi min ciwo, amma ba ta kore ni ba.

Har yau ina shan magani, kuma na daɗe ban faɗi ba. Na gode wa Ubangiji da ya tsare yaron nan, ya kuma kwance min baki. Na san a kan bencinan nan akwai mai ɓoye wani ciwo. Ka dogara ga Yesu, ka faɗa wa wani, ka je asibiti. In kuma wata rana kun ga na faɗi a nan cikin sujada, kada ku gudu. Ku juya ni gefe ɗaya, ku zauna kusa da ni har in tashi.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.