Wanda ke Shan Kuran a Gidan Hajiya Barira

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan zama, Malam Mahamud, mai girma Mai Unguwa, Liman da na'ibinsa, dattawan Birni, iyayenmu mata, 'yan uwana masu aikin wuta, na nan Zinder da waɗanda suka taso tun daga Gidimuni, jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode wa Allah da ya tara mu lafiya, na gode wa ƙungiyarmu da ta ce ni Sha'ibu in tsaya in yi magana, alhali ga waɗanda suka riga ni riƙe waya suna zaune.

Maganata a kan tambaya ɗaya ce, wadda kullum ake kawo mana: na sa farantin hasken rana, na sa batiri, me ya sa kwantar gidana, wato mitar wuta, ba ta daina ci ba? Zan amsa da abin da ya faru a hannuna, da izinin waɗanda abin ya shafa.

Bara na haɗa wa Hajiya Barira wutar rana. Kun san ta, ita ke sayar da ƙanƙara da zoɓo kusa da ƙofar gari. Na kafa mata faranti, da batiri huɗu, da ondilar, wato akwatin nan da ke juya wutar batiri ta koma kuran, irin lantarkin gida. Na bar shi haɗe da layin gari domin ranar hadari. Bayan wata takwas ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida, ranta a ɓace. Ta ce, "Sha'ibu, rana ƙwal, firigon ƙanƙarata na kan batiri, amma kwanta tana ta ƙiftawa. Sallau ne. Tun da ya sayi sabon keken ɗinki nake ganin haka."

Sallau tela, shagonsa bango ɗaya da gidanta, shekara talatin suna maƙwabtaka. Kafin in zo, magana ta riga ta kai gaban Mai Unguwa, Sallau kuwa ya rantse zai tashi daga shagon, ya ce ba zai tsufa da sunan ɓarawo ba.

Na ce, "Hajiya, gani ya kori ji. A kira shi ya tsaya, a duba a gabansa."

To, jama'a, ga yadda aka bi, kuma haka ya kamata kowa ya bi.

Na farko, muka kashe komai na gidan: firigo, fanka, ƙwan wuta, har cajar waya muka zare. Jan hasken kwanta bai daina ƙiftawa ba. Hajiya ta dubi Sallau, Sallau ya dubi ƙasa.

Na biyu, na kashe makunnin da ke tsakanin layin gari da ondilar, shi kaɗai. Haske ya tsaya cak. A daidai lokacin kuwa muna jin keken Sallau yana ta gudu ta bayan bango, abokin aikinsa na ɗinki a kai. Ke nan ba kekensa ke shan wutar ba.

Na uku, na buɗe tsarin akwatin, nan ne kunya ta kama ni. Yadda ya fito daga masana'anta haka na bar shi: in batiri ya ragu ko kaɗan, sai ya ja kuran gari ya cika shi, ko da rana tana tsaka. Ban canza ba ranar da na kafa shi. Na auna batirin ɗaya bayan ɗaya, sai ga na uku ya gaji, ba ya riƙe caji. Tulu ne mai huji: akwati na ɗura, shi yana zubarwa, kwanta tana lissafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Batiri da laifinsa, ni ma da nawa.

Na mayar da tsarin ya fara da rana, sannan batiri, kada ya taɓa layin gari sai batiri ya yi ƙasa sosai. Na canza wanda ya gaji. Na kuma gaya wa Hajiya gaskiyar da nake so ku ma ku riƙe: ondilar ko ba ya aikin komai, yana shan ɗan abin da zai zauna a farke, kamar ƙwan wuta uku ko huɗu. Wannan ba ciwo ba ne, halittarsa ce. Wanda bai yarda da ko wannan ba, ya kashe makunnin layin gari da rani, ya kunna in damina ta kawo hadari. Amma buɗe cikin akwatin, wannan a bar wa masu aikin.

Hajiya ta yafa mayafinta, ta ce, "Malam Sallau, a gaban Mai Unguwa na faɗa, a gabansa zan janye. Tashi mu je." Ya ce, "Hajiya, ya wuce." Ta ce, "A wurinka ya wuce, a bakin mutane bai wuce ba." Suka tafi, ni ina biye, domin ni ma ina da abin faɗa.

'Yan uwana masu aikin wuta, kada mu kafa kaya mu juya baya ba mu duba tsari ba. Minti biyar ɗin da na yi ganda, saura ƙiris ya raba maƙwabtan shekara talatin. Masu gida kuma, kafin ku kira sunan mutum, ku kira mai gyara. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba.

Allah ya albarkaci sana'armu, ya tsare mu daga gobara da haɗarin wuta. Allah ya ba Damagaram zaman lafiya da damina mai albarka, ya kai baƙinmu gida lafiya, ya bar maƙwabci da maƙwabcinsa.

Na gode.