Matsugunin Falmata

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, wakilin magajin garin Diffa, Liman da Alƙali, iyayenmu mata, ƴan'uwanmu da suka tsallako Komadugu, jama'a manya da ƙanana, barkanku da hantsi. Ni ne Kalli, shugaban biro, wato ofishin rajistar ƴan gudun hijira. Na gode da kuka bar gonakin tattasai da rumfunan kasuwa kuka zo saboda ɗiyarmu Falmata.

Magana ta farko, laifina. A shekarar 2016 muna da na'urori masu ƙwaƙwalwa guda biyar, duk tsofaffi. Kafin manhajar rajista ta buɗe, sai ka dafa shayi ka sha kofi biyu. Mutanen Toumour na layi cikin rana, la'asar ta yi, mota ta juya da su babu katin abinci. A lokacin ne Falmata ta zo neman aiki da takardar karatun na'ura a cikin leda. Sau huɗu ana tashinta: daga garinsu, daga bakin kogi, daga filin makaranta, daga gefen kwalta. Na ce mata, “Wata ɗaya na ba ki. In ba su gyaru ba, ki koma bukkarku.” Har yau ina jin kunyar maganar nan.

Magana ta biyu, abin da ta gano. Ni na riga na yanke wa na'urorin hukuncin tsufa, da yake tsoho ya san ciwon tsoho. Ita kuwa kwana tara tana dubawa, sannan ta ce, “Baba Kalli, ba tsufa ba ne, rashin wurin zama ne.” Ashe akwai waɗansu kundayen umarni da duk manhajojinmu ke amfani da su tare, na hoto, na zanen yatsa, na buga kati. Waɗanda suka haɗa su sun ba su adireshi ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura. Na farko ya zauna, na biyu ya tarar an riga shi, sai a kai shi wani wuri, a bi duk adireshin da ke cikinsa a gyara ɗaya bayan ɗaya. Gobe a sake. Kuma kundin da aka gyara ba a iya amfani da shi tare, kowace manhaja sai ta riƙe nata, ƙwaƙwalwa ta cika, aiki ya tsaya.

Na ce, “Ke, yi mini da Hausa.” Ta ce, “Baba, kullum ana tashinsu. Wanda ake tashi kullum yaushe zai yi aiki?” Ban sake tambaya ba, don na san ba a littafi kaɗai ta karanta wannan ba.

Ta ba kowane kundi wurinsa, babu mai hawa kan wani. Ba mu sayi ko ƙusa ba. Ran nan muka gama layi kafin azahar, har Goggo Gaji, wadda ta yi sawu uku a banza, ta riƙe hannun Falmata ta ce sai ta faɗa mata malamin da ya rubuta wa injin laya. Ga Goggo can tana dariya, har yau ba ta yarda babu laya ba.

Magana ta uku ita ta tara mu. Shekara uku ke nan Falmata na gyara wa na'ura zama, ita da mahaifiyarta suna kwana ƙarƙashin tampol a filin wani. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Mun yi ta zarya ofishin magajin gari har aka sa hannu. Falmata, taso, ɗiyata. Ga takardar filinki, da lamba, da sunanki. Wata ɗaya na ba ki a da, yau ina roƙonki ki zauna. Babu wanda ya riga ki wurin nan, babu mai tashinki.

Allah ya sa albarka a filin, ya kawo mana zaman lafiya a bakin Komadugu, ya ba duk wanda aka tasa wurin da zai shimfiɗa tabarmarsa, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.