Madarar da Na Zuba wa Gunkin Turawa

'Yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya fisshe ni. Sunana Saratu. Masu zuwa sujada a nan Guangzhou ta ƙasar Sin sun san ni, ni ce mai yi wa masu zuwa a makare faɗa a bakin ƙofa. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan shaida da hannuna na rubuta ta, hannun daman nan da ya kusa mutuwa.

Aikina a kasuwar Tianxiu raka baƙi ne. In kai mai saye masana'anta, in yi masa ciniki, in tsaya a kan kayansa har a loda. Ƙa'idar aikin kuwa, duk abin da aka yi oda, samfurinsa a wurina yake zama, da shi nake gwada abin da aka fitar.

A shekarar da aka yi wasannin Olamfik a nan Sin wata Baturiya ta zo hannuna, Madam Shila. Ba zan yi mata ƙazafi ba, mace ce mai kirki. 'Yan mutum-mutumi take so a zuba mata a inji, siffar mata uku, kowace tsawon tafin hannu. Ta ce allolin kakanninsu ne tun kafin bishara ta kai ƙasarsu. Ɗaya da hankaka a kafaɗa, Morigan, ta yaƙi da mutuwa. Ɗaya riƙe da tukunya. Ta ukun da wuta a hannu, Birijid, wai ita ce ta waraka da masu naƙuda, madara ake ba ta.

Na ce, "Madam, yau kuma wa zai sayi waɗannan?"

Ta yi dariya. Ta ce matan ƙasarsu da yawa sun koma musu, suna kunna kyandir, suna kiran sunayensu don su sami ƙarfin zuciya. Da bakinta ta ce ita matsafiya ce, ko kunya babu!

Ga inda na faɗi. Ni jikar 'yar bori ce, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. A wurina tsafi sai da garaya da jinin kaza da tsohuwa mai birgima a ƙasa. Abin da Baturiya ta zana, ɗan Sin ya zuba a inji, sai na ce ai kayan ado ne. Na kwashi samfurin na jera a taga a ɗakina na unguwar Dengfeng.

A lokacin 'yata Rifkatu tana gida Najeriya da tsohon ciki. Na uku kenan, biyun farko sun zo babu rai. Ni kuma ba halin tafiya, saboda wasannin an tsananta biza, wanda ya fita ba shi da tabbas ɗin dawowa.

Na yi kuskuren gaya wa Madam. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sara, ɗan zuba wa Birijid madara da safe. Me zai rage ki da shi?"

Na zuba. Ni Saratu mai wa'azi a zumuntar mata! A murfin kwalba na zuba.

Ran kwana na uku ina tsiyayawa sai na ga kakata a idon zuciyata, durƙushe tana zuba wa Inna, uwar iskokin bori, nono a 'yar ƙwarya. Durƙuson ɗaya ne, farin abin ɗaya ne. Na tuna abin da take faɗa mana: in ka fara ba ta ba ka dainawa, ranar da ka hana ta za ta ɗauki wanda ka fi so. Yanzu ba don bege nake zubawa ba, don tsoro ne.

Sai hannun damana ya fara mutuwa. Daga yatsu ya hau har gwiwar hannu, ko alƙalami ba na iya riƙewa. Duk wanda ya tashi a gidan bori ya san aikin wace ce shanye hannu.

Ran kwana na tara Hajiya Rakiya, maƙwabciyata 'yar Maraɗi mai sayen mayafai, ta shigo aron sikeli da safe, ta tarar da ni da kwalin madara.

"Maman Rifkatu, kyanwa kika samu?"

Ta dubi taga, ta dube ni.

"Subhanallahi! Ke da kike cika mu da Yesu, Yesu? Abin da kika baro a ƙauye shi kika hau jirgi kika zo ɗauka? Don dai ya sa rigar Turawa?"

Musulma ce ta yi mini wannan wa'azi, 'yan'uwa. Kunya ta hana ni zubawa ran nan.

Ƙarfe biyu na rana waya ta yi ƙara. Surukina Yohanna ne, mijin Rifkatu.

"Mama, tun jiya take naƙuda. Sun ce yaron ya gicciye. Za su shiga da ita tiyata."

Wayyo! Ranar da na hana, ranar aka kira. Na zabura na ɗauki kwalin da hannun hagu. Murfin na nan, gunkin na nan, ɗigo kaɗan kawai. Wata murya a cikina tana cewa, zuba ki ceci 'yarki, kya tuba daga baya.

Maimakon in zuba sai na durƙusa. Ba addu'a mai tsari na yi ba, ihu na yi. Na ce, "Yesu, na ci amanarka! Rifkatu taka ce tun ranar da aka yi mata baftisma. In za ta rayu, a hannunka. In za ta mutu, a hannunka. Amma ba zan saye ta da madara ba!"

Na juye kwalin a makwarara. Na ɗauki taɓaryar dakan yajina na farfasa su duka ukun. Cikinsu fanko, farin gari kawai.

Na zauna a kan tarkacen, waya a cinya, kusan awa biyu. Hajiya ta zo ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbinta.

Da wayar ta sake ƙara, kafin Yohanna ya yi magana na ji kukan jariri. Mace! Uwa da 'ya duk da rai! Halleluya!

Washegari na kai wa Madam ɓaraguzan a leda, na ce ta nemi wani ɗan rakiya. Ta yi baƙin ciki, ta ce ban fahimce su ba. Na ce, "Madam, na riga ki saninsu, suna kawai suka sake."

Hannun ya ɗauki makonni kafin ya dawo. Likita ya ce jijiya ce ta danne saboda ɗaukar kaya. Ya faɗi nasa, ni na san nawa.

Ku masu ajiye samfur, ku duba abin da kuke shigarwa ɗakunanku. Kuma in tsoro ya shaƙe ku, kada ku nemi mataimaki na biyu, Yesu ya isa. Na gode masa da ya karɓe ni bayan na ci amanarsa. Jikata tana nan tana rarrafe, sunanta Godiya, kuma madarar gidanmu ita kaɗai ke sha. Yabo ga Ubangiji!