Gindin Ɗorawa

A tashar Funtua, muna cikin motar Dandume muna jiran ta cika, hadari ya haɗo. Da tsawa ta fara, wani dattijo ya kama ƙofa zai fita. Wata budurwa da ke gefensa ta ce:

"Baba, ina zuwa cikin wannan hadarin?"

"Gindin itacen bedin can, 'yata. Mota ai ƙarfe ce, ƙarfe kuwa shi ke kiran tsawa."

"Don Allah ka zauna. Ko ta faɗo wa mota, wutar ta bayan ƙarfen za ta bi ta shige ƙasa, ba ta shigowa ciki. Kai dai kada ka taɓa ƙarfen."

"Ke karantawa kika yi, ni gani na yi. Uwa, mai ɗakina, da fartanya a hannu tsawa ta same ta a gona. Bana shekara goma sha ɗaya."

"Allah ya jiƙanta. Amma da wuya fartanya ce, Baba. Dogon abu tsawa ta fi nema, ta bi jikinsa ta kama wanda ya raɓe shi. A ina take tsaye?"

Dattijon ya ce:

"Gindin ɗorawa. Ni na ce ta je ta fake, tana fama da mura."

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, Baba."

"Me kika yi mini? Kwana ne ya ƙare." Ya saki ƙofar a hankali, ya hango wata mai goyo ta fake a gindin bedin. "Leƙa ki kira mai goyon can. Ki ce ta bar gindin itacen nan, akwai wuri a kusa da ni."