"Ina Zuwa" da Na Ce wa Saratu

Ina gaishe ku duka, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Fasto, na gode da ka ba ni wurin tsayawa.

Yau kuna ganin tsoho mai yatsu takwas yana share majami'ar nan kowace Asabar, kuna ce masa Baba Ishaya, kuna rusuna masa. A dā ba haka nake ba. A dā mutum ne ni da ke jin daɗi idan ya ga wani ya sa rai, don ya samu abin da zai fizge.

A wani ƙauye kusa da Gwaram aka haife ni. Na auri Saratu, muka koma Birnin Kudu, Allah ya ba mu 'ya ɗaya, Rahila. Tana shekara huɗu na ɗauki jakata wata safiya. Saratu tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta ce, "Baban Rahila, ina za ka da jaka?"

Na ce, "Ina zuwa."

Kun san maganar nan tamu. Mutum ya juya maka baya, yana tafiya, yana ce maka yana zuwa. Na ji irinta a bakin Yarbawa a Legas, na ji ta da Faransanci a Abijan. Amma ban taɓa ganin wanda ya ci amanar kalmar nan kamar ni ba. Shekara ashirin da biyu na yi.

Na yi aikin kuku a manyan jiragen ruwa. Na kwana a Duwala, na kwana a Luwanda, na iya harsuna biyar, kuma duk na yi ƙarya da su. Daga ƙarshe na sauka a can ƙarshen Afirka ta Kudu, inda ƙasa ta ƙare sai ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Na samu aiki a wani ƙaramin jirgi mai kai baƙi kallon wani kifi da suke kira shak.

Ba mu da sunansa a Hausa, tunda Allah bai sa shi a ruwanmu ba. Ku manta da tarwaɗa, ku manta da giwan ruwa. Babbansu ya kai tsawon ƙaramar bas ɗin da ke zuwa Gwaram. Bayansa toka-toka, cikinsa fari fat, haƙoransa jere-jere kamar bakin zarto, idonsa baƙi ƙirin, ba ka ganin komai a ciki. A nan mu kaza muke sawa a keji. A can mutum ake sawa. Ana ɗaure kejin ƙarfe a gefen jirgi, rabinsa a cikin ruwa, mutane su shiga, kifin yana yawo a waje abinsa.

A hanya akan ga abubuwan mamaki. Akwai tsibirin da wasu dabbobi masu fuskar kare da jikin kifi suka rufe shi ruf, suna haushi, warinsu yana iso ka tun daga nesa. Na ga kifin da ya fi ɗakin nan girma yana fesa ruwa sama, ɗansa yana manne da gefensa. Baƙi har hawaye suke yi. Ni ban taɓa jin komai ba.

Aikina shi ne igiya. Ana zuba jinin kifi da mansa a ruwa don wari ya kira shak. Ni kuma in ɗaura kan wani babban kifi a igiya in jefa. Idan shak ya taso ya buɗe baki, sai in fizge, ya wuce ta gaban keji da yunwarsa, baƙi su gan shi da kyau. Doka ce, ba a ba shi ya ci. Nuna masa ake yi a janye. Kyaftin ɗinmu yakan ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba.

Ina zai gani? Ai a kan matata na koya.

Da wayar hannu ta zo, nakan kira Saratu duk bayan wata uku ko huɗu. In ce, "Maman Rahila, bana kam da ni za a yi Kirsimeti." In ji muryarta ta canza. Ta ce, "Da gaske, maigida?" In ce, "Ina zuwa, na ce miki." Ta shafe ɗaki, ta yi kitso, ta gaya wa zumuntar mata. Ranar kuma in kashe wayata. Idan Ista ta matso in sake jefa mata igiya. 'Yan'uwa, ba mantawa nake yi ba. Wannan canjin muryar nake so in ji. Yana sa ni jin cewa akwai wani rai a duniya da ke hannuna.

Wata safiya muna shirin fita, Rahila ta kira ni. Ta girma, ban san fuskarta ba. Ta ce, "Mama tana asibiti. Ɓarin jikinta ɗaya ya mutu. Likita ya ce a kira na nesa."

Na ce, "Ki ce mata ina zuwa."

Ta ce, "Ba zan faɗa mata ba. Ta ji ya ishe ta."

Na yi dariya, na sa wayar a aljihu, na hau jirgi.

Cikin baƙin da muka ɗauka ranar akwai wasu tsofaffin Turawa, mata da miji. Matar ta tsorata tun kafin ta taɓa ruwa. Mijin ya riga ta shiga keji, ya miƙo mata hannu, yana ta maimaita mata magana ɗaya da harshensu: ina nan, ina nan. Ban san dalili ba, maganar ta ƙona ni. Na ce a raina, bari in ga inda "ina nan" ɗinka za ta kai ki.

Wata babbar macen shak ta taso daga ƙasan ruwa. Maimakon in ja igiya gefe kamar yadda doka ta ce, sai na ja ta kai tsaye zuwa kusurwar da tsohuwar take. Kifin ya biyo da gudu ya daki keji. Hancinsa ya shige tsakanin ƙarafa, yana fizge-fizge, jininsa yana fita, haƙoransa dab da fuskarta. Ihun matar nan har yau yana kunnena. Ni kuwa ina tsaye a sama ina dariya!

Dariyar ce ta sa ban lura igiya ta naɗe hannuna ba. Kifin ya zare kansa, ya cafke naman da na hana shi shekara da shekaru, ya nutsa da shi. Igiya ta miƙe. Na ji ƙas a hannuna, sai ga ni cikin ruwa.

Kowa yana cikin keji ko cikin jirgi. Ni kaɗai ne a waje, cikin jinin da muka zuba da kanmu, nawa yana ƙaruwa a kai. Na buɗe ido na ga farin cikinsa yana juyowa.

Harsuna biyar ɗin nan duk suka gudu, Hausa ce kaɗai ta rage. Na ce, "Ya Yesu, ka zo!" Sai tsoro ya kama ni, wanda ya fi na kifin, don na san amsar da ta dace da ni. Na ce, "Ya Yesu, kada ka ce mini kana zuwa. Kada ka yi mini yadda na yi wa Saratu!"

Bai yi mini haka ba. Haleluya!

Hannu ya kama wuyan rigata. Tsohon nan ne, ya leƙo ta saman keji. Matarsa, wadda na so in kashe da tsoro, ita ta riƙe ƙafafunsa don kada ya faɗa. Suka jawo ni cikin kejin. Kifin ya goga jikinsa a ƙarfe ya wuce. Matar ta danne hannuna da nata biyu don jini ya tsaya, ba ta san ni na aiko mata da kifin ba.

Kyaftin ya sani. Ya zo asibitin da aka kwantar da ni, ya dubi inda yatsuna biyu suke a dā, ya ce kada ya sake ganina kusa da ruwa. Na yi kuka, ba don aikin ba.

Kwana goma sha shida na yi kafin in iso gida. Legas, Kano, sannan bas zuwa Birnin Kudu, ɗan acaɓa ya kai ni asibiti da azahar. A ƙofar ɗakin mata na tarar da wata mace mai goshin Saratu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wa ake nema?"

Na ce, "Rahila, ni ne."

Ta ce, "Na sani. Wa ake nema?"

Ta dai matsa na shiga. Saratu ta zama 'yar ƙarama a kan gado, bakinta ya karkace. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da daɗin da nake ji. Na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana kallon hannuna.

Ta ce, "Baban Rahila, ka zo?"

Na ce, "Na zo."

Ta ce, "To. Ina zuwa."

Ta juya fuskarta bango. Ba ta sake magana ba. Washegari da hantsi ta cika.

Rahila ta ce ramawa uwarta ta yi, kuma daidai ne. Wata dattijuwa a zumuntar mata ta ce a'a, sallama ce irin ta masu bi. Ni ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Kalmar da na ba ta ce ta mayar mini, zan riƙe ta har mu haɗu a gaban Ubangiji.

Ina gode wa Yesu da ya fitar da ni daga ruwa, ya kuma cire mini wannan mugun daɗi daga zuciya. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Ba ya nuna wa mutum ceto ya janye. Idan kuma akwai wanda ke jiranku a wani gida, ku tashi daga nan ku je yau.

Har yanzu Rahila Malam take ce mini. Duk Lahadi bayan sujada ina zuwa ƙofar gidanta, wani lokaci ta buɗe, wani lokaci ta bar ni a tsaye. Shekara shida ke nan ban fasa ko sau ɗaya ba. Kuma tun ranar da aka binne Saratu ban sake ce wa kowa ina zuwa ba. Idan zan tafi nakan ce na tafi, in faɗi lokacin da zan dawo, in kuma dawo. Amin.