Sau Huɗu Na Duba Jinin 'Yata

'Yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya yi haƙuri da ni a shekarun da ni ban yi haƙuri da kowa ba. Ku ce amin mana!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bitrus, aikina gwajin jini. Daga Najeriya na zo ƙasar nan da matata Saratu da 'yarmu Rahila, aka ajiye ni a ƙaramin asibitin wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama. Mutanen garin kuwa Malam Fahas suke kirana, don fahas suke ce wa gwaji. Mu kaɗai ne Kirista a wurin, shi ya sa ba ku ganinmu a tsakar gidan nan da muke sujada sai sau ɗaya a wata, in hanya ta yarda.

Yau zan tona wa kaina asiri. Duk zaman da na yi a cikinku, ina rera waƙa, har ganga nakan karɓa in buga, ban gaskata ko kalma ɗaya ba. E, ni ɗin nan!

Abin ya faro ne tun ina makarantar koyon aiki. Uwata ta kwanta ciwo. Muka yi azumi, muka yi addu'a har muryata ta dishe, matan zumunta suka cika ɗakin maƙil. Wata Laraba ta rasu. Na koma makaranta na sa ido a madubin nan mai ƙara girman ƙwayar cuta, sai ga abin da ke kashe mutane ƙuru-ƙuru, da siffarsa da launinsa, har da maganinsa. Wanda na yi ta kira a bakin gadon uwata kuwa, ko inuwarsa ban gani ba. Daga nan na yanke cewa babu shi, ban kuma gaya wa kowa ba, har Saratu.

Amma fa ban huta ba. In an rufe ido ana addu'a, nawa a buɗe suke, ina bin fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, ina neman mai ƙarya irin tawa. In wani ya ba da shaida sai in tare shi a bakin ƙofa. Baba Yohanna, ga ka nan zaune. Ka tuna ranar da ka ce Ubangiji ya warkar maka da ƙafa? Na ce, "Baba, wace allura suka yi maka?" Ka yi dariya, ni kuwa da gaske nake. Ka gafarce ni.

A wurin aiki girman kai ya yi mini katutu. Mutum zai zo a amalanken jaki da zazzaɓi, abin da yake so kawai in rubuta masa maleriya ya je ya karɓi magani. In na ce ban ga komai ba, sai ya ce, "Malam Fahas, dubi dai da kyau, jikina shina gaya mini akwai." Ni kuma in ce, "Jikinka bai je makaranta ba." Akwai masu rubuta wa mutum abin da yake so don a rabu lafiya. Ni ban taɓa yi ba, kuma har yau ba na yi. Sai dai na zarce gona da iri, na mai da shi doka cewa duk abin da bai fito a gilashina ba, to babu shi a duniya.

A damina ta biyu da zuwanmu, wajen ƙarshenta, zazzaɓi ya kama Rahila. Shekararta takwas a lokacin. Na soki yatsarta, na shafa jinin a ɗan gilashi, na sa launi, na jira rana ta yi kyau, don madubinmu da hasken rana yake aiki. Na duba lungu-lungu. Babu maleriya. Na ce canjin ruwa ne, zai wuce.

Bayan mako ɗaya zazzaɓin yana nan, ya tafi da safe ya dawo da yamma. Na sake dubawa. Babu.

Saratu ta ce, "Baban Rahila, yarinyar nan fa ramewa take yi."

Na ce, "Tana cin abinci?"

"Tana ci."

"To me kike so in rubuta?"

A karo na uku na canza launin gwajin, na wanke gilasai sabbi, na yi kusan awa ɗaya a sunkuye har wuyana ya sage. Jinin ya yi ƙaranci, na ga wannan, na ce tsutsar ciki ce na ba ta magani. Saratu ta roƙe ni mu kai ta babban asibiti. Na ce hanya duk taɓo ce, kuma me za su gani da ban gani ba? Gaskiyar maganar ita ce kunya nake ji. Malam Fahas guda ya ɗauki 'yarsa ya kai wa wani ya duba masa? Me mutanen gari za su ce?

Ta ce, "To zo mu yi addu'a."

Na ce, "Yi, ina zuwa." Na fita na yi ta zagaya asibitin kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ranar gwaji na huɗu, da Rahila ta gan ni da allura, sai ta cusa hannuwanta biyu a hammata. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka soke ni yau." Na fizgo hannun na soka. Ni, ubanta! Kuma ban ga komai ba. Daga ranar, in na shigo ɗaki sai ta ɓoye hannu.

Mun kusa mako shida a haka, wuyanta ya zama siriri, cikinta ya yi tulu. Sai wata safiya maƙwabciyarmu Hajja Amna ta shigo. Tsohuwa ce mai sayar da soyayyar gyaɗa, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninta daga Sakkwato suka taso za su Makka, suka zauna a bakin kogin da ya ratsa yankin nan. Rahila tamkar jikarta ce, Rahilatu take ce mata. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta kwantar da yarinyar a gadon igiya, ta ɗaga mata riga, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu.

Ta ce, "Kawo hannunka, ya waladi, ɗana."

Ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Na ji wani abu mai tauri ya sauko har kusa da cibiya.

"Mi ka ji?"

Na ce, "Saifa ce, Hajja."

"To. Kalazar ke ga yarinyag ga. Ba ta zama cikin jinin yatsa, ɓoyewa take yi. Ɗiyana biyu ta ɗauka, na san tahiyarta. Da bazara Rahilatu ta bi jikokina tsintar aduwa, can dajin ƙwaron da ke kawo ta yake. Kai ta mustashfa, babban asibiti, yau, wallai, ba gobe ba."

Wayyo ni! Na san sunan cutar. Shafi ɗaya ce a littafinmu na makaranta, na haddace ta na ci jarrabawa na manta, don a garinmu ba mu taɓa ganinta ba. Mako shida ina kallon jinin 'yata, ban taɓa ɗora hannu a cikinta ba ko sau ɗaya.

Muka samu lorin kasuwa, Hajja ta ce ƙafarta ƙafarmu. Rana na tsaka lorin ya nutse a baƙar lakar nan da kuka sani, har gindin taya. Maza suka sauka suna haƙa, suna cusa rassan itace, direba na zagin kowa da Larabci. Ana cikin haka haɓo ya ɓalle wa Rahila. Saratu ta jiƙa ɗankwali ɗaya da jini, ta ciro na biyu. Ni kuwa na kasa tsayawa wuri guda. In je gaban lori, in dawo baya, in tura, in yi wa direba tsawa, in hau tudu in hango ko wani na tafe. Ba kowa sai gonakin riɗi iyakar ganin ido.

Azahar ta yi, mutanen suka ajiye shebur, suka wanke laka suka jeru a kan ciyawa. Hajja ma ta miƙe da butarta, sai ta tsaya ta dube ni.

"Kai ba ka da wanda kake kira? Tahi ka kira shi. Bar kai-da-kawowan nan, kana tsorata ɗiya."

Na zagaya bayan lorin. Ban yi niyyar durƙusawa ba, sai kawai na ji ni durƙushe cikin taɓo. Abin da na faɗa ba irin addu'ar da ake koya wa yara ba ce. Na ce, "Yesu, ban san ko kana nan ba. Sau huɗu na duba jinin yarinyar nan na ce babu, alhali abin yana cinta. Kai kuma sau ɗaya na neme ka a bakin gadon uwata na ce babu kai. Idona ba abin dogara ba ne, na gani yau. In kana nan, kada ka kama ta da laifina. Na gaji, Ubangiji. Na gaji!"

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne uwata.

Zan gaya muku gaskiya, ban ji murya ba, ban ga haske ba. Lorin nan bai motsa ba sai bayan la'asar, da wata tarakta ta biyo ta jawo mu. Abu ɗaya na sani, da na tashi daga taɓon nan ƙafafuna sun daina yawo. Na hau lorin na karɓi Rahila daga hannun uwarta, na zaunar da ita a cinyata, na matse mata hanci na riƙe. Rabon da in taɓa ta babu allura a hannuna har na manta. Jinin ya tsaya. Na sani, matse hanci yana tsai da haɓo. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya tare ni a bakin ƙofa!

A babban asibiti suka zuƙo ruwa daga kaluluwarta da allura. Mai gwajin, da ya ji aikinmu ɗaya, ya matsa ya ce in duba. Na sa ido. Ga su nan birjik, 'yan ƙanana, kamar an watsa riɗi. Likita ya ce da mun ƙara mako biyu, da wata maganar ake yi. Allura talatin aka yi mata, kullum ɗaya, mai zafin gaske. Hajja ta yi kwana goma tare da mu, ita ke dama mata kunu.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya sa'ar Rahila, cutarsu ɗaya. Uwarta ba ta ajiye carbi, ta fi mu roƙon Allah nesa ba kusa ba. Kwananmu tara a wurin yarinyar ta rasu. Sai tsohuwar tambayata ta bakin gadon uwata ta dawo mini. Na sami Hajja a inuwar bishiya tana shan shayi, na zauna kusa da ita.

Na ce, "Hajja, biyu kika binne. Me ya sa ba ki daina salla ba?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa take shan ruwa. Ta ce, "In na bar Shi, wa zan kai ma ƙara? Kullum sai na tambaye Shi ɗiyana. Bai ba ni amsa ba tukuna, amma suna wurinShi."

Rashi iri ɗaya muka yi, nata ma ya ninka nawa. Ita ta riƙe fushinta ta kai gaban Allah, ni na ɗauki nawa na juya masa baya. Har yau tana sallarta, ni ina bin Yesu, ba wanda ya ja wani. Amma ta bakin tsohuwar nan Ubangiji ya kore ni zuwa bayan lori, kuma ba zan ɓoye wannan ba.

'Yan'uwa, ban zo muku da hujja ba. Ban san dalilin da tawa ta tashi ta wancan gado ta tafi ba. Akwai ranakun da shakka ke dawowa ta zauna mini a ƙirji, sai in kai ta inda Hajja ke kai ƙararta. A wurin aiki har yanzu ba na rubuta abin da ban gani ba, amma in yaro ya daɗe da zazzaɓi nakan tashi daga kan madubi in danna cikinsa. Uku na tura babban asibiti bana, dukansu suna raye. Yabo ga Ubangiji!

In akwai mai zama a nan da ido buɗe lokacin addu'a, yana neman maƙaryaci, na san kujerar, na daɗe a kanta. Kada ka jira sai ka gani kafin ka kira shi. Ni a taɓo na kira shi, ban ga komai ba, ya kuma karɓe ni a haka.

Rahila, tashi a gan ki. Ga ta nan, ta kusa kamo uwarta tsawo! Ta warke tun tuni, amma ta yi wata da watanni in na matso sai ta ɓoye hannu, ni kuma ban ga laifinta ba. Yau da safe, da muka sauka daga mota za mu tsallaka titi, ita da kanta ta miƙo hannun nan ta kama nawa.

Na gode wa Yesu da ya bar mini ita, ya kuma dawo da ni. Ku dogara gare shi. Amin!